Lema Ɗaya, Ruwa Biyu

"Sake faɗa," in ji Yaya Saifullahi. "A gaban Alhaji Tankari nake so ka maimaita, kada gobe a ce ƙage na yi maka."

Na ce, "Lema nake so."

"Ka ji ko, Alhaji? Yaro ya yi min aiki a garin nan, na ce to lokacin sallama ya yi, zaɓi abin da za ka koma gida da shi. Dilar jins ce, ga ta. Wayoyi masu sim biyu ne, ga su. Ya ce lema. Ba ma ta ruwan sama ba, ta wasan Turawa."

Tankari yana zaune kan wata dila yana cin shinkafa a roba. Mutumin Maraɗi ne. Da shi Yaya yake haɗa kwantena, da shi kuma muke raba ɗakinmu na unguwar Dengfeng, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ya nuna ni da cokali.

"Kai Ghali, wagga lema mi take yi? Rana take tarewa?"

"Mutum take ja a kan ruwa."

"Ta kai shi ina?"

"Ba ko'ina. Ya je ya dawo."

"Ya je ya dawo," in ji Tankari a hankali, kamar mai biya karatu. Suka fashe da dariya su biyu.

Yaya ya goge ido da bakin rigarsa. "Ɗan Gwale fa ke nan. Kaf zuriyarmu ba wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa. An tura ka Legas ka koyi kasuwa, ka ɓige da bin Bature da gajeren wando kana hura masa balan-balan."

Na ce, "Kai ma ai Sinawa kake bi da kalkuleta."

Ya miƙe. Na ɗauka mari ne. Ya fi ni jiki, kuma tun rasuwar Baba bai taɓa jin nauyin ɗaga min hannu ba. Bai mare ni ba. Ya tsaya dab da ni har ina jin warin turarensa.

"A gaban Inna na yi alkawari zan sallame ka da abin da ka zaɓa. Zan cika. Guda ɗaya tak. Ranar da yunwa ta koro ka daga bakin ruwa, kada ka biyo ta ƙofar gidana."

Na ce na ji.

Turawa kayit suke ce mata. Mu yaran bakin ruwa lema muke cewa. Bayan na gama sakandare an tura ni Legas wajen wani abokin Baba mai sayar da takalma, ban daɗe ba muka ɓata. Na koma dako a inda kwale-kwale ke ɗaukar mutane zuwa gaɓar teku. A nan na haɗu da wani Bature ɗan Holan, ma'aikacin masu yashe tashar jiragen ruwa. Duk Asabar zai zo da jaka da allo. Ni nake hura masa lemar da famfo, in miƙe igiyoyinta a kan yashi, in ɗaga masa ita sama. Ya sa ɗamara a ƙugu, ya maƙala sandar da ake sarrafa ta, ya taka allo, iska ta ja shi. Shi ya koya min iyo. Daga baya ya koya min sauran. Da aikinsa ya ƙare ya tafi da lemominsa, ya bar min tsohon allo da ɗamara, suna nan a ƙarƙashin gadon wani mai gadi a Obalende.

Bayan tafiyarsa Turawa da Kwarori sun sha tambayata ko zan koya musu. Ba ni da lema. Abin da ya sa na bi Yaya zuwa Guangzhou ke nan, don Baturen ya taɓa gaya min a nan ake ɗinka su. Na ɗauki diloli a kasuwar Shisanhang, na kwana a sito, na sha zagi da harsuna uku. Ban gaya wa kowa dalili ba sai ranar nan.

Matsalar ita ce ruwan Legas biyu ne. Akwai na lagun, wato tafkin cikin gari, kwantacce kamar faranti, inda ɗan koyo zai faɗi ya tashi ba abin da ya same shi. A nan abincina yake. Akwai kuma na teku, inda raƙuman ruwa suke tasowa su karye. Don shi nake son abin tun farko. Masu hali lema biyu ko uku suke ajiyewa. Ni ɗaya aka ba ni, kuma ba lokacin sake shawara. A shekarar an daina sabunta wa irinmu biza saboda wasannin Olamfik, tawa ta kusa ƙarewa, 'yan sanda kuma sun cika titin Huanshi Lu suna tambayar fasfo.

Wani mai gyaran waya ne ya haɗa ni da Afai. Afai yana aiki a kamfanin da ke ɗinka wa Turawa lemomi, abin da masu odar suka ƙi karɓa shi yake kwashewa ya ajiye a wani sito a yankin Panyu. Yaya ya ce ƙafarsa ƙafata, ba zai bari a damfare shi ta hannun wawa ba.

Afai siriri ne, rana ta ƙona shi fiye da sauran Sinawa, ɗan yatsansa ɗaya gundul ne. Turancinsa guntu-guntu, nawa ma haka. Ya tambaye ni nauyina, ya tambayi ƙarfin iskar garinmu. Na ce masa mai laushi ce, sai da damina take tsananta. Ya ce wane irin ruwa?

Na ce, "Duka biyu."

Ya yi dariya. "Kowa duka biyu yake so."

Ya hura guda uku ya jera su a filin bayan siton.

Ta farko a lanƙwashe take kamar lauje, igiya huɗu kai tsaye daga kunnuwanta. Irinta Baturena yake da ita, a kanta na koya. Na san halinta. Jan ta ba ya sassauci. A kwantaccen ruwa za ta ɗaga ka sama har ka hango rufin gidaje, amma in iska ta ƙaru ba ka da yadda za ka rage mata ƙarfi, in kuma ta faɗa ruwa sai ka yi da gaske kafin ta tashi. Afai ya ɗaga gundulallen yatsansa ya nuna ta. Irinta ce ta datse masa shi. Na tuna wata mata da na gani irinta ta ja ta a kan yashi har gindin kwakwa.

Ta biyu faffaɗa ce, shimfiɗaɗɗiya, da ƙananan igiyoyi masu rassa a gabanta kamar linzami. Afai ya ɗaga ta ya ba ni sandar. In ka tura sandar gaba ƙarfin ya mutu gaba ɗaya, in ka jawo ya dawo. Ko tsohuwa za ta iya riƙe ta. Na ji daɗinta har na fara lissafin 'yan koyo a raina. Sai na karkata sandar hagu. Ta yi shiru, ta yi tunani, sannan ta juya kamar tirela a shataletale.

Afai ya ce, "Yi gudu. Nufe ta."

Na ruga wajenta, yadda raƙumin ruwa yake tura mutum ya nufi lemarsa. Igiyoyi suka saki. Ta kifa kai ta faɗo kan ciyawa.

"A teku, nan raƙumi zai naɗe ka da igiyarka," in ji shi.

Duk wannan abin Yaya yana can yana murza yadin ta farkon tsakanin yatsu biyu. Ya ɗaga shi ya duba a hasken rana. Ya ja ɗinkin. Sai ya zaro laita daga aljihu zai ƙona bakin zare, yadda yake yi wa yadi a kasuwa don ya gane ko roba ce. Afai ya ƙwalla ihu ya ruga ya riƙe masa hannu.

"Meye? Zinari ne?" in ji Yaya. Ya juyo gare ni. "Kai, ɗauki waccan babbar, ta biyun, mu tafi. Ya ce kuɗinsu ɗaya, ita kuma ta fi yadi."

"Ta yi min girma. In iskar damina ta taso za ta ɗauke ni."

"To ai tashi kake so."

Ta ukun ba ta da kyan gani. Kunne ɗaya ruwan toka, ɗaya ruwan hoda, tsakiya kore kamar miyar kuka. Afai ya ce samfurin na baɗi ne, an yi kuskuren jera launi, masu odar suka ce a sake. Guda ɗaya ce, ba ta da 'yar'uwa. Ba ta lanƙwashe kamar ta farko ba, ba ta shimfiɗe kamar ta biyu ba. Kunnuwanta sun ja baya, bututun iskar da suke mata haƙarƙari uku ne maimakon biyar, linzaminta gajere. Na ɗauke ta da hannu ɗaya, ba nauyi.

Muka ɗaga ta. Na karkata sanda, kafin in gama ta juya. Na tura gaba, ƙarfin ya ragu, bai mutu duka ba amma ya isa a ba ɗan koyo. Na ruga na nufe ta da gudu. Igiyoyi suka yi laushi. Ba ta faɗo ba. Ta ja da baya a hankali tana bin iska, kamar tana jirana, har igiyoyin suka sake miƙewa.

Na sake. Ta sake jirana.

Afai ya ce, "Ka sani, ba ta fi kowa a komai ba. A kwantaccen ruwa mai ta farko zai fi ka tsalle. A babban raƙumi mai ƙarama zai fi ka juyi. Ranar da iska ta yi rauni sosai mai babba zai shiga, kai kana zaune."

"Ranaku nawa zan zauna?"

"Kaɗan."

Akwai abin da na rasa a ranar, na sani. Tsallen nan mai tsayi na lema ta farko shi ne abin da na fi ƙwarewa a kai, shi yake sa mutane su tsaya a gaɓa suna nuna ni. Na daɗe ina kallonta a kwance kan ciyawa. Sannan na ce wa Afai ta ukun.

"Mummunar?" in ji Yaya. "Allah Ya shirye ka."

Ya yi ciniki kamar zai cire wa Afai haƙori. A tsakiyar cinikin ya tambaya, don raini, nawa Turawa suke sayen irinta a ƙasarsu. Afai ya buga a kalkuleta ya miƙa masa. Yaya ya duba. Ya goge fuskar kalkuletar da babban yatsa ya sake dubawa. Kuɗin sabon babur ne da canji.

Muryarsa ta sauya. "Laoban," wato maigida, ya ce yana murmushi, "irin wannan, guda ɗari. Iri ɗaya sak. Yaushe?"

"Meyo," in ji Afai. Wato babu. Ya ce awon na masu oda ne, ba ya fita daga kamfani.

"Hamsin."

"Meyo."

A mota Yaya bai zage ni ba ko sau ɗaya. Jakar tana kan cinyarsa, yana shafa ta.

Ranar hutunsa Afai ya ɗauke ni a motar kamfani zuwa wani bakin teku gabas da birnin Shenzhen. Wani ƙaramin kogi ne yake shiga teku a wurin, tudun yashi ya raba su: ciki ruwa kwance, waje raƙuma. Ya ara min allo da ɗamara. Tun barina Legas ban taɓa ruwan gishiri ba.

Na fara da ciki. Na jefa ta ruwa da gangan, na ja igiya ɗaya, ta mirgina ta tashi tana zubar da ruwa. Na sake jefa ta. Ta tashi. Ɗan koyo ba zai yi kuka da ita ba. Sai na bi ta bakin kogin na fita. Raƙumi na farko ya kayar da ni, na sha gishiri har ta hanci. Na biyun na hau shi. Ya ɗauke ni ya nufi gaɓa da ni, na saki sanda na bar hannu ɗaya, na daina kallon sama gaba ɗaya. Na san tana can tana ja da baya, ba za ta faɗo min ba. Ban san tsawon lokacin da na yi a ruwan ba. Da na fito Afai yana zaune kan yashi yana cin rake, ya ɗaga min gundulallen yatsansa.

A gida na wanke ta da ruwan famfo a banɗaki, na shanya a baranda, na naɗe ta yadda aka koya min, na tura jakar ƙarƙashin gadona. Tankari ya ce ko amarya ba a yi wa wannan hidima.

Washegari Yaya ya tura ni garin Foshan in tsaya a kan lodin kwantena. Ya ce ejan ɗin ɓarawo ne, kada in matsa ko nan da can sai an rufe an sa kwaɗo. Lodin ya ja, motar ta makara, na kwana a can kan kwalaye, na sake kwana. Ban damu ba. Aikina na ƙarshe ne a ƙarƙashinsa.

Da na dawo da hantsi, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Takalman Tankari kawai.

Shi kuwa yana zaune yana shan shayi yana kallon masu iyo a talabijin.

"Alhaji, ina jakata?"

"Tana wurin aiki."

"Wane aiki?"

Bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Yayanka mutum ne mai kai. Ni ma na sa hannu, rabi da rabi. Kai dai ka gode Allah, wasanka ya zama marshandis, kayan kasuwa."

Ya kwatanta min wurin. Na san shi. Wani lungu ne a bayan Shisanhang, hawa na uku, wajen wata mata mai ɗinka rigunan ruwa da jakunkunan makaranta. Ni da kaina na sha kai mata samfur. Haka Yaya yake aiki, haka kowa yake aiki a nan: ka ga riga mai kyau, ka sayi ɗaya, ka kai wa tela, ya farke ta gaɓa-gaɓa, ya kwafi kowane yanki a kwali, ya ɗinko maka dubu. Ba wanda ya taɓa tambayar ina rigar farkon ta ƙare.

Ban jira bas ba. Na tari tasi.

Tun daga matakala nake jin ƙarar kekuna. Na tura ƙofa. A kan dogon teburin yanka na fara ganin ruwan hodar, sannan koren. An shimfiɗe su yanki-yanki, kowanne da lamba da alli, an danne da ƙarafa. An farke kowane ɗinki. Inda gam ya riƙe, an sa almakashi. Robar ciki, wadda ke riƙe iska, an tsaga ta tun daga wannan kai har wancan an baje ta don a auna faɗinta. Linzamin yana cikin kwandon shara a dunƙule, an datse shi daga gindi.

Yaya yana tsaye da matar suna duba littafin launuka. Ya ɗago.

"Har an rufe kwantenar?"

Na ɗauko linzamin daga kwandon. Kowace igiya a cikinsa da tsawonta, bambancin ɗan yatsa ɗaya ya isa ya hana lema tashi daidai. Ba wanda ya auna su kafin a yanke.

"Wannan tarkacen ta ce ba ya da amfani, ƙarin kuɗi ne kawai," in ji Yaya. "Igiya huɗu sun isa, ai na ga waccan ta farkon."

"Tawa ce."

"Wa ya biya?"

"Ka ce sallamata ce. A gaban Inna ka ce."

"To ai ba a ci ba, ba a ƙona ba. In ta gama za ta haɗa maka kayarka. Mata nawa ne a nan? Ɗinki ne fa, ba tiyata ba."

Na ɗaga yanki ɗaya a hasken taga. Layin ramukan allura ya bi gefensa kamar takardar da aka shirya yagewa. Abin farke ɗinki ya zame a wurare da dama ya tsaga yadin. An ja shi an miƙar don ya kwanta a kwali, ya saki, ba zai koma yadda yake ba.

Na fita matakala na kira Afai. Na gaya masa. Na ce ko akwai wata, ko da mai lahani ce, ko robar ciki kawai, ko awon linzamin a takarda.

"Meyo," ya ce a hankali. Ya ce sauran biyun ma wani ɗan Rasha ya kwashe. Sababbi sai bayan an gama wasanni, in kamfani ya dawo da aiki sosai. Ya tambaye ni yaushe zan tafi. Na gaya masa. Ya ce wani abu da Sinanci, ya kashe.

Na zauna a matakalar. Wata yarinya ta wuce da damin zif a kafaɗa, ta tsallake ƙafafuna.

Ana jibi zan tashi Yaya ya ce in zo in ga abu. Na bi shi don ba ni da inda za ni. Tankari ma ya zo, da sabuwar hula.

Sun hau da ita rufin benen, inda ake shanya yadi. Ta farko ke nan da matar ta gama. Ja da rawaya ce, tana ƙyalli, an buga mata zanen damisa a tsakiya. Yadin rigar ruwa ne, ya ninka na asali nauyi. Robar cikinta irin ta balan-balan ɗin da yara ke iyo da shi ce. Igiyoyin na shanya ne, masu santsi. Wasu samari biyu suka hura ta da famfon keke, ta kumbura ta karkace, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Kai, ta fi ta asalin kyau," in ji Tankari. "Waccan kamar an yi amai."

"Na gaya maka," in ji Yaya. "Yadin ma ya fi kauri. Wancan kamar ledar burodi." Ya dafa kafaɗata. "Ka ce ɗaya kake so, ga shi za ka samu dozin. Sauran kai za ka sayar mana a Legas, tunda Turawan sun san ka. Ka ga sallama ta gaskiya. Gobe in ka zama mutum ka tuna wanda ya yi maka."

A gefe, cikin wani buhun leda, ga tawa. Matar ta cika alkawari, ta haɗa ta. Ta bi da zare baƙi a kan tsofaffin ramuka, ta manne robar da salatif, kunnen ruwan hoda ta juya shi ciki ya koma waje. Na tura hannu na taɓa. Ban fito da ita ba.

Na je wajen sabuwar. Na sa yatsu biyu a ɗinkin da ke riƙe igiyar gaba, inda duk nauyin mutum yake rataya, na ja kaɗan. Zare ya fara buɗe baki. Yaya ya doke min hannu.

"Kada ka ɓata min kaya, mahassadi."

"Ba za ta tashi ba. In ma ta tashi ba za ta riƙe mutum ba."

"Da bakinka ka ce kai gwani ne. Gwani da kowace iri yake yi." Ya juya wajen Tankari yana dariya. "Ko dama ƙarya ce, hura balan-balan ɗin kawai ya iya?"

"A bar shi ya gwada," in ji Tankari. "In ta yi, mu ƙara oda kahin Sallah."

"Shi ne ai. Wannan da ita za ka tafi a jirgi, na biya kilonta. Kana sauka ka shiga teku da ita, can wajen manyan raƙuman da kake faɗa, ka sa a ɗauke ka hoto. Ka bugo min ka gaya min yadda ta yi, kafin matar nan ta yanka sauran."

Iska ta ɗan taso daga wajen kogi. Lemar ta motsa, ta ja ciki a kan siminti, ta kife. Ɗaya daga cikin samarin ya taka ta da ƙafa kada ta faɗa titi. Wani wuri a jikinta iska tana fita, siririn sauti kamar na tayar keke.

Na ce, "In ta farke ina tsakiyar teku, Yaya, wa zai bugo maka?"